Man Gyaɗa a Tayar Arziki

Assalamu alaikum masu bin labarina, na gida da na ƙetaren iyaka. Ni ce dai Sakina ɗiyar Tanko mai faci, ta nan Madarunfa. Wata baiwar Allah ta rubuto tana tambayata, wai duk masu motar da ke yawo a ƙasar nan me na gani a jikin ɗan kabu-kabu. Yau za ta ji amsa, kuma zan tona ma kaina asiri a ciki, don abin da ya faru ranar Lahadi rabinsa laifina ne.

Sai kun san Babana kafin ku gane zancen. Rumfarsa tana ƙofar gidanmu ƙarƙashin iccen bedi: pampo, kwanon ruwan neman huji, benci guda da ya sha zama. Kafin a haife ni shekara takwas ya yi yana kabu-kabu da moto, wato babur, tsakanin Maraɗi da Ɗan Issa. Wata rana ya goya Inna za su biki, tana da cikina wata biyar. Daidai wata kwana da ruwan sama ya janyo rairayi bisa kwalta, akuya ta ratso. Ya taka birkin baya da ƙarfinsa duka, tayar ta daina juyawa, ta ja su gefe. Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Inna ce ƙugunta ya goce. Allah ya tsare ni a ciki, amma har yau in tana tafiya sai ta karkata hagu, kuma shekara ashirin da biyu ke nan ba ta sake hawa moto ba. Shi ma bai sake riƙe kan moto ba. Ya sayar, ya zauna faci.

Tun daga nan ya kafa dokarsa. Ya ce duk wanda ya auri ɗiyarsa a bayansa zai riƙa ɗora ta, zuwa awo, zuwa suna, zuwa gaisuwa, saboda haka shi za a fara ɗauka, a kai shi Maraɗi a dawo da shi. Kuma kafin ya hau sai ya durƙusa ya shafa taya da babban yatsa, don idonsa ya daina ganin ƙananan tsaga. Mutum biyu sun faɗi a wurin tun ba a ta da inji ba. Na farko malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kamili, amma tayarsa ta suɗe kamar tafin hannu. Na biyu Baba ya matsa birkin gaba ya ji wayam, babu waya a ciki. Ya ce masa ya gaida gida.

Gwaggo Ɗelu, yayar Baba, tana da nata ɗan takara, wani ɗan canji a Ɗan Issa mai mota fara. Ba ta tilasta ni ba, Allah ya sani, amma kullum ta shigo sai ta ajiye mini maganar kamar goro. "Ƙafa huɗu ba ta faɗuwa, Sakina. Dubi uwarki ki yi ma kanki tunani."

Ni kuwa Arziki nake so. Ɗan garin Gabi ne, dogo, mai sanyin magana, in ya yi dariya sai ya rufe baki da bayan hannu. Shan iska ya kawo shi rumfar Baba, ni kuma na fito zubar da ruwan wanke-wanke, daga nan lambata ta san hanyar wayarsa. Ranar da ya turo mini hoton motonsa yana alfahari, na buɗa hoton da yatsa biyu na duba. Shi ma ya cire wayar birkin gaba. A nan duk ɗan kabu-kabun da kuka tambaya zai rantse muku birkin gaba kisa ne, wasu tun ranar da suka sayi moto suke kwance shi.

Ga asirin da na ce zan tona. Sati shida na yi ina koya masa ta waya. Ban taɓa tuƙa moto ba, amma ɗakina katanga ɗaya ce ta raba shi da rumfar Baba, kuma tun ina rarrafe nake jin wa'azin da yake ma ƙattai, su ce "to Baba" su hau su tafi da halinsu.

Na rubuta masa: "Ka mayar da wayar birkin gaba."

"Sakina, so kike in tashi sama in sauko da ka?"

"Wanda ya damƙe shi ke tashi. Ka taɓa tatsar akuya?"

"Haba dai. Ɗan Gabi fa nake."

"To haka za ka yi masa. Yatsa biyu. Ka fara da ɗan taɓawa har ka ji nauyin ya koma gaba, tayar ta zauna daram bisa kwalta, sannan ka ƙara matsawa a hankali. Na baya ɗora ƙafa kawai ake yi, kar ka taka shi kamar ka ga kunama."

Sauran na riƙa aika masa a saƙon murya ina bakin murhu, in Inna ta shiga ɗaki. Ka gama rage gudunka tun moto yana tsaye sak, kafin ka shiga kwana. In ka kwanta cikin kwana, tayar tana can tana faman riƙe ka, kar ka ɗora mata aiki na biyu. In ka hau rairayi ko tsakuwa, saki na gaba, ka lallaɓa da na baya, ka sauke giya. In ka rage iska don hanyar rairayin Gabi, ka mayar da ita kafin ka hau kwalta. Ruwan farko ya fi na tsakiyar damina santsi, don shi ke tayar da baƙin man da motoci suka zubar.

Shi kuma ya ɗaure buhun gero a baya ya riƙa gwaji a wata tsohuwar hanya. Ya aza ma buhun hula ya turo mini hoto. "Baba Tanko yana gaishe ki. Yau sau ɗaya kawai ya faɗo."

Na yi dariya har Inna ta leƙo.

An sa Lahadi. Ranar Asabar bayan la'asar Gwaggo ta shigo da turarenta mai hawa kai, ta zauna bisa tabarma ta ce gobe da ita za a yi, tana so ta ga tsohon ƙarfen da ake ƙin mota dominsa. Maganar ta soke ni. Na shiga ɗaki na rubuta ma Arziki: "Gobe ka sa motonka ya yi ƙyalli, har Gwaggo ta ga fuskarta a jiki." Ya amsa da cewa an gama. Ku riƙe wannan saƙon, shi ne laifina.

Lahadi da hantsi na ɗaura shuɗiyar atamfata mai zanen ganye, wadda ban taɓa sawa ba, lallen hannuna bai wuce kwana biyu ba. Inna tana dama fura. Farar rigar Baba tana rataye a igiya, na goge ta da dutsen gawayi tun da safe, shi kuma yana bayan gida yana wanka. Gwaggo ta kafa zama a zaure da carbi a hannu ɗaya, waya a ɗaya. A rumfa abokan Baba sun cika benci, Gwamna mai shayi a tsakiyarsu, don labari ya zaga cewa yau akwai jarrabawa.

Kunnena yana hanya ina jiran ƙarar moto. Ban ji ba. Sai muryar Gwamna na ji yana cewa, "A'a, angon ma turowa yake. Isansi ya ƙare a tanki ne?"

Na leƙa ta ɓular katanga. Arziki ne cikin shadda ruwan toka, gumi ya jiƙa masa baya, yana turo moton da hannu. Gaskiya ya yi kyau. Tanki yana walƙiya, madubai tas, tayoyin baƙi ƙirin suna sheƙi kamar sabon kasko. Na fara murmushi ke nan iska ta kaɗo ta wajena, na ji ƙanshin ƙuli-ƙuli.

Nan take na gane. Ya tsaya bakin tafki ya wanke moton, ya shafe tayoyin da man gyaɗa don su yi baƙi, sannan ya turo shi da hannu kar ƙura ta ɓata masa ado. Tsakiyar tayar ta kwashi rairayin hanya, amma gefunan biyu suna nan jiƙe da mai. Gefen kuwa shi moto ke tsayawa a kai in ya kwanta cikin kwana. Daga ƙofarmu zuwa kwanar lakwal, inda ake hawa kwalta a karya hagu, ko minti ɗaya ba za a yi ba.

Sati shida ina koya masa yatsa da ƙafa, ban taɓa faɗa masa mai da taya ba sa haɗuwa ba. Na ɗauka kowa ya sani.

Jama'a, ku tsaya a inda na tsaya. In Baba ya shafa tayar ya ji mai, an gama, Arziki ya bi sahun malamin lakwal. In kuma yau farar riga ta hana shi durƙusawa ya hau haka nan, to dattijo mai shekara sittin da wani abu zai sha kwalta a kwanar lakwal.

Na rubuta: "Goge tayarka yanzu, akwai mai." Saƙon ya shiga, ba a buɗe ba. Yana tsugune gaban benci yana gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya. Na kira. Ina kallo wayar ta yi motsi a aljihunsa, ya sa hannu ya kashe ta saboda ladabi. A bayan gida na ji Baba ya ajiye bokiti.

A garinmu budurwa ba ta fitowa saurayinta yana gaban abokan ubanta. Ko inuwarta ba a so a gani. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Na juya, sai ga Inna ta ratsa tsakar gida da ƙwarya a hannu, tana karkata hagu, tana miƙewa, tana karkata.

Na kwashi toka a murhu, na ɗauki omo da soso da bokiti.

"Ke, ina za ki da bokiti?" in ji Gwaggo a zaure.

"Aiki, Gwaggo."

Na fita na durƙusa gaban tayar gaba da sabuwar atamfata, na yayyafa toka na fara dirza. Duk mutanen benci suka juyo suna kallona. Gwamna ne ya fara samun bakinsa. "Ikon Allah. Tun ba a ɗaura ba an fara wanki."

Arziki ya matso, muryarsa can ƙasa. "Sakina, me na yi?"

"Mai ka shafa."

"Kaɗan ne. Don Gwaggo."

"Na sani. Riƙe mini kan ya daina juyawa."

Ban ji fitowar Baba ba, takalminsa kawai na gani kusa da bokitin. Ya tattare farar rigarsa ya durƙusa wajen tayar baya, wadda ban kai gare ta ba, ya shafa da babban yatsa, ya kai hanci.

"Na kanti ne ko na gida?"

"Na gida ne, Baba," in ji Arziki. "Jiya tsohuwata ta matse shi."

"Mai kyau ne. A miya."

Gwaggo ta riga ta fito bakin zaure. "Ka gani ko, Tanko? Wannan ba aure ya zo nema ba, suya ya zo yi. Kai ne naman."

Benci ya ɗauki dariya. Baba bai yi ba. Ya miƙe ya zagayo gaba, ya kama hannun birkin ya matsa, ya saki, ya sake matsawa. Ya bi sabuwar wayar da yatsa har ƙasa. Ya dawo ya shafa wurin da yatsa biyu suka goge fentin har ya yi fari.

"Ɗan kabu-kabu da birkin gaba," ya ce. "Wa ya koya maka?"

A zuciyata ina roƙonsa ya ce wani makaniki ne a Maraɗi. Maraɗi cike take da makanikai, wa zai je ya bincika? Arziki ya dubi ƙasa.

"Ita ce, Baba. Ta waya."

"Me ta ce maka?"

"Ta ce kamar tatsar akuya."

Gwamna ya ajiye butar shayi ya riƙe ciki. Duk wanda ya taɓa zama bisa bencin nan ya ji wannan magana daga bakin Baba sau ɗari. Baba ya dubi katangar ɗakina, ya dube ni, toka har gwiwar hannu.

"Shekara ashirin ina faɗa ma ƙattai a rumfar nan," ya ce, "ashe ta bayan katanga ake saurare. Shiga gida."

Kafin in miƙe Arziki ya naɗe hannun shaddarsa ya karɓi soson daga hannuna, ya durƙusa cikin caɓin toka. Babu wanda ya sa shi. Na koma ɓular katanga. Baba ya zauna bisa benci yana ba da umarni kamar kowace rana: ɗauraye, sake dirzawa da rairayi, duba kar man ya gangara cikin birki. Ya ƙara ma ta baya iska da kansa saboda nauyin mutum biyu. Sannan ya sa shi ya yi ta zagaye a filin gaban gida, sau goma ta dama, sau goma ta hagu, har gefunan suka dushe suka yi fari-fari. Ya shafa, ya shinshina, ya danna hularsa, ya hau. Ina jin ƙarar har suka karya kwanar lakwal, ta miƙe, ta yi nisa.

Gwaggo ta sauke mini kwandon faɗa. Na zubar da mutuncin gida, gobe a bakin rijiya da ni za a karya kumallo, ɗan canji ma in ya ji ba lallai ya dawo ba. Na ce ta yi haƙuri. Da ta gaji ta shiga alwala.

Inna ba ta kiran sunana, ni ce ta fari. Ta miƙo mini fura ta zauna gefena tana kallon atamfar.

"Ta ɓaci," ta ce.

"Toka ce, Inna, za ta fita."

Ta ɗauki ludayi tana juyawa. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ranar da muka faɗi ni na riga ubanki ganin rairayin. Tun daga nesa. Ina amarya, na ji kunyar in taɓa bayansa in ce ya rage." Ta tashi ta kwashe ƙoren. Ban taɓa jin wannan ba, kuma ina jin Baba ma bai taɓa ji ba.

Bayan azahar suka dawo. Baba ya shigo ya wuce wajen randa bai dubi kowa ba. Wayata ta yi motsi, saƙon murya daga ƙofar gida, Arziki yana magana ƙasa-ƙasa.

"Sakina, har Maraɗi bai ce uffan ba. A dawowa, bayan wata kwana, mata sun baza wake bisa rabin kwalta don motoci su sussuke musu, ɗaya rabin kuma amalanken jaki ya tare. Allah ya sa na rage tun kafin kwanar. Na bari moton ya miƙe, na tatsa a inda kwalta take da tsabta, da na zo kan ɓawon waken na saki na gaba na lallaɓa da ƙafa. Muka tsaya, tsakanina da amalanken bai fi taki ɗaya ba. Goshinsa ya taɓa bayana. Abin da ya ce kawai, mu tafi. Ban san ko na ci ko na faɗi ba."

Ni ma ban sani ba. Baba ya sha ruwa, ya wanke fuska, ya tsaya tsakar gida yana goge gemu.

"Ladi," ya kira Inna, "ɗauko gyalenki. Yaron nan zai kai ki garin Sarkin Yamma ki gaida ƙanwarki. Shekara nawa kina cewa ba a samun mota."

Carbin Gwaggo ya tsaya cak. Ta san ƙanenta. Mutumin da ya yarda a ɗauki Inna bisa moto babu sauran abin da zai hana.

"Tanko, ka bayar ke nan?"

"Gyale na ce a ɗauko, Yaya."

Inna ta shiga ɗaki. Na ɗauka ba za ta fito ba. Sai ga ta da gyalenta ruwan ƙasa na zuwa biki, ta ratsa zaure, muka bi ta a baya, har ni, don yau kunyata ta riga ta ƙare a bokiti. Arziki ya zube ƙasa yana gaisuwa, shaddarsa duk dabbaren toka. Inna ta amsa tana kallon gefe. Ta daɗe tsaye gaban moton.

"Malam," ta ce ma Baba, "a garin nan wa ka taɓa gani ta hau bayan surukinta?"

Arziki ya rufe baki da bayan hannu. Gwamna ya ce, "Alhamdu lillahi, an ce suruki, mun dai ji da kunnenmu."

"Yaro, ba shi makullin," in ji Inna. "Ba sai Sarkin Yamma ba. Bakin tafki kawai, mu dawo. Bayan da na faɗo daga kai, shi zan koma."

Arziki ya miƙa makullin da hannu biyu. Baba bai karɓa ba. Hannunsa yana cikin aljihun farar riga, shekara ashirin da biyu rabonsa da riƙe kan moto. Makullin yana lilo tsakaninsu, Inna tana gyara gyale kamar mai jiran abin da aka saba.

Baba ya yi gyaran murya. Tun safe bai kira sunana ba.

"Sakina," ya ce, "zo ki shafa mini tayar nan ta gaba. Ki faɗa mini gaskiya."